Na Tace Saƙonnin Talla, Na Haɗa da Sanarwar Rasuwa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina rubuta ta ina gogewa. Yau kwana goma sha biyu ke nan ina yawo da wata magana a cikina, na kasa faɗa wa waɗanda ta shafa. Mai ɗakina ta gaji da ganina zaune gaban kwamfuta ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Ita ce ma ta ce in rubuto miki, wai ke ba kya shafa wa magana mai.

Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba magunguna. Bayan wannan, ina aikin sa kai a wani dandali na intanet inda masu rubuta manhaja ke haɗuwa, ana tambaya ana amsawa da harshenmu. Mun haura mutum dubu biyu. Akwai ɗalibai, akwai ƙwararru, akwai mai gyaran waya da ke koyon haɗa shafi tsakanin kwastoma da kwastoma. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba, da laƙabi muka san juna.

Wanda ya kafa dandalin wani bawan Allah ne da muke kira Dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya. A hannunsa na koyi abin da nake ci da shi yau. Lokacin da ban san komai ba, idan na liƙa rubutun manhajata cike da kurakurai, shi ne zai bi shi layi-layi ya gyara, bai taɓa sa na ji kamar ni daƙiƙi ne ba. Sau biyu kacal na taɓa ganinsa ido da ido, don garinsa da nisa, tafiyar awa biyar ce a mota. Ɗakin karatunsa ƙarami ne, littattafai har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe su kafin na zauna. Matarsa ta kawo mana shayi tana tsokanarsa, wai 'ya'yansa na cikin kwamfuta sun fi na cikin gida samun kulawa.

Mu uku ke riƙe da dandalin. Dattijo shi ne babba. Sai wata baiwar Allah da muke kira Injiniya, ita ke kula da shafin kansa, in ya faɗi ita ke tashe shi. Ni kuwa nawa shara ce. Ina nufin saƙonnin banza da 'yan talla da 'yan damfara ke zubo mana: maganin ƙarfi, caca, aikin yi a ƙasar waje, yadda za ka zama attajiri cikin mako biyu. Da farko biyar ne ko shida a rana, ina gogewa kafin in fita aiki. Daga baya suka koma ɗaruruwa. Ina cin abincin rana da hannu ɗaya ina gogewa da ɗaya. Akwai ranar da wata sabuwar ɗaliba ta kusa tura wa wani hoton fasfonta saboda tallan aikin ƙarya da na makara ban goge ba. Ranar na ce a'a, tun da manhaja nake rubutawa, bari manhaja ta yi sharar.

Na zauna na haɗa wata 'yar manhaja na sa mata suna Rariya. Na lura cewa 'yan tallan nan layukan farko na saƙonsu ba sa canzawa, abu ɗaya suke maimaitawa. Sai na ba ta doka: duk saƙon da layinsa biyu na farko suka yi daidai da na wasu saƙonni biyar da suka gabata, ta ɗauke shi ta jefa a wani akwati na ɓoye. Na kuma ƙara wata dabara da na gani a dandalin wasu ƙasashe, wato mai saƙon shi zai riƙa ganin saƙonsa a shafi kamar ya shiga, alhali babu mai ganinsa sai shi kaɗai. Hikimar ita ce kada ɗan talla ya gane an kama shi ya buɗe sabon asusu. Na gwada ta da tsofaffin saƙonnin talla sama da dubu, ta kama su duka. Na yi ta murna. Aka yi ta yaba mini, har wani ya ce a ba ni sarautar sarkin tsafta.

Abin da ban yi ba, Anti, shi ne gwada ta da saƙonnin mutanenmu. Matasa ba su da matsala, su tambayarsu kawai suke jefowa, wani ko sallamar ma harafi uku ce. Amma manyanmu ba haka suke rubutu ba. Dattijo yana da gaisuwarsa da bai taɓa canza ko kalma ɗaya a ciki ba tun da na san shi: sallama cikakkiya, sannan fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya iyali, Allah ya ƙara mana fahimta. Ko da zai gaya maka ka manta waƙafi ne a layi na tara, sai ya yi wannan gaisuwar tukuna. Da yawa daga cikin ɗalibansa ma sun kwaikwaye ta don girmamawa. A wurin Rariya, duk 'yan talla ne.

A makon da na kunna ta ne kuma Injiniya ta mayar da shafin sabon masauki a intanet, ta canza masa fasali. Da wasu suka fara ƙorafin cewa suna rubutu ba a amsa musu, kowa ya ce ai ƙaurar da ta yi ce ta kawo tangarɗa. An faɗa mata maganganu. Wani ya rubuta cewa dama shafi yana zaman lafiyarsa aka zo aka yi masa kwalliya. Ta yi ta bincike Asabar da Lahadi ba ta gano komai ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko Rariya na iya zama sanadi, na ce mata ina, Rariya talla kawai take kamawa. Ban duba ba. Ita kuma ta yarda da ni.

Dattijo ya yi shiru. Haka muka gani. Muka ce tsufa ne, ko ya gaji, ko jikoki sun ɗauke masa hankali. Ina da lambarsa, na sha cewa zan kira, yau aiki gobe aiki.

Bayan wata uku shafin ya fara nauyi, na tuna akwatin ɓoyen ya cika, na buɗe don in zubar. A ofis nake, abokin aikina ya fita salla, fanka tana juyawa. Cikin saƙo dubu tara da wani abu, ɗari uku da sittin na mutanenmu ne. Goma sha ɗaya na Dattijo. Na karanta su bi da bi. Bakwai na farko amsoshi ne ga ɗalibai, yana gyara musu aiki kamar yadda ya saba, ba wanda ya ce masa na gode. Na takwas ya ce an kwantar da matarsa a asibiti, yana roƙon addu'a. Na tara ya ce Allah ya yi mata rasuwa da safe. Na goma, bayan mako ɗaya, ya gode wa duk wanda ya yi addu'a a zuciyarsa ko da bai samu damar rubutawa ba. Na ƙarshe ya ce ya lura dandali ya girma, ya tsaya da ƙafafunsa, ba ya buƙatar tsoho kamarsa, yana yi wa kowa fatan alheri. Duk da gaisuwar nan tasa a sama. Shi a wurinsa saƙonnin suna nan a shafi, mutum dubu biyu sun wuce su, babu ko Allah ya jiƙanta ɗaya.

Na kashe wannan dokar a ranar, yanzu saƙon kowa na shiga. Akwatin yana nan ban taɓa shi ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Injiniya har yanzu tana neman tangarɗar a ɓangarenta.

Wani lokaci in ce in saki saƙonnin a hankali, in rubuta cewa an gano matsala an gyara, ba ƙarya na yi ba ai. Amma na san kowa zai ce ta Injiniya ce. Wani lokaci in ce in goge akwatin baki ɗaya, abin da ya wuce ya wuce. Wani lokaci in ce in faɗi gaskiya in ajiye aikin in ɓace. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Dattijo. Da wane baki zan gaya wa mutumin da ya koya mini wannan aikin cewa da ilimin da ya ba ni na toshe masa baki a ranar da ya fi buƙatar a ji shi? In ya ji, zai ƙara kallona da mutunci? Anti, me zan rubuta a sanarwar, kuma yaya zan yi da akwatin nan?

Naki,
Mai Shara

*

Mai Shara,

Ka tambaye ni abin da za ka rubuta a sanarwa da yadda za ka yi da akwati. Zan zo kansu, amma su ne ƙanana a cikin wasiƙarka, kai ma ka sani, shi ya sa ka ajiye su a ƙarshe inda ake ajiye tambaya mai sauƙi.

Bari in fara da abin da ke gefenka, domin yana da yawa. Shekaru kana kwashe ƙazantar da wasu ke zubarwa, ba wanda ya ɗauke ka aiki, ba kuma wanda ke lura da mai shara sai ranar da bai zo ba. 'Yan damfarar nan ba wasa suke ba, ɗalibar da ta kusa tura fasfonta shaida ce. Haɗa Rariya tunani ne mai kyau. Kuskuren da ke cikinta kuwa irin wanda masu ilimi ke yi ne: ka yi nazarin ɓarawo sosai har ka manta ka kalli masu gida. Na yi shekara huɗu a jami'a tare da irinku, na ga yadda kuke gwada abu a kan matsalar da kuke tsoro, in ya ci jarrabawa ku tafi shan shayi. Ka aro dabara daga wurin mutanen da ke fara saƙo da tambaya kai tsaye, ka kawo ta cikin mutanen da ba sa tambayar hanya sai sun tambayi lafiyar iyali. Wannan kuskure ne, kuma ana yafe shi. Ba kai ka kawo ciwon matar Dattijo ba, ba ka kuma zauna ka shirya a yi banza da shi ba. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba naka ba, naka ma ya ishe ka ɗauka.

Ga naka. Rariya ta ɓoye saƙonnin Dattijo, amma ba ta ɓoye lambar wayarsa ba. Mutumin da ke rubutu kusan kullum ya yi shiru wata uku, ku dubu biyu kuka yanke masa hukuncin tsufa kuka ci gaba da harkokinku. Injiniya ta yi maka tambayar da ta dace a lokacin da ya dace, ka amsa mata da tabbacin wanda ya duba alhali ba ka duba ba. Sannan kwana goma sha biyun nan. Wata ukun farko ba ka sani ba. Waɗannan kuwa ka sani, kana kallon baiwar Allah tana tona inda ka san babu komai.

Ka ce kana tsoron kada Dattijo ya daina kallonka da mutunci. Na fahimta, amma ka juyo da maganar ta ɗaya gefen. A yanzu haka akwai wani tsoho da ya rasa matarsa, yana zaune da yaƙinin cewa mutanen da ya yi rainonsu a ilimi sun karanta labarin rasuwarta sun wuce. Ya ma nema muku uzuri, ya gode muku a kan addu'ar da ya yi zaton kun yi a zuci, wanda ni a ganina shi ne saƙo mafi nauyi a cikin goma sha ɗayan. Abin da ya yi imani da shi ba gaskiya ba ne. Babu wanda ya wuce shi, babu wanda ya gani. Kai kaɗai ne a duniya ka san haka. Labarin da kake jin kunyar kai masa, shi a wurinsa sauƙi ne. Kowace rana da ka ƙara kana kare mutuncinka, shi ne ke biyanta da zaman baƙin ciki.

Don haka ka kira shi yau, kada ka jira sai ka tsara kalmomi. Ka fara da ta'aziyya, ita ce hakkinsa na farko, ka bar ta ta zauna. Bayan nan ka gaya masa a taƙaice cewa saƙonninsa ba su fito ba, ba wanda ya gan su, kuma manhajar da kai ka rubuta ce ta riƙe su. Ka ce kai, kada ka ce shafi. Kada ka shiga bayanin layi biyu da saƙonni biyar sai in shi ya tambaya, kuma tun da malamin lissafi ne, zai tambaya. Abin da nake gargaɗinka a kai shi ne kada ka je masa da kuka da zagin kai har ya zama mai makoki ne ke lallashin mai laifi. Mutane irinsa da sauri suke cewa ba komai, don su sauke wa na ƙasa nauyi. In ya faɗa, ka karɓa da godiya, amma kada ka ɗauka magana ta ƙare. Ranar hutunka ka hau mota ka yi awa biyar ɗin nan. In mai ɗakinka za ta samu dama ku tafi tare, na ga alama ta fi Rariya gane abin da ya kamata a riƙe da wanda ya kamata a saki.

Injiniya ma yau ɗin. Ka gaya mata ta daina nema, ka gaya mata tun yaushe ka sani. Za ta ji haushin kwana goma sha biyun fiye da wata ukun, kuma tana da gaskiya. Kada ka yi gardama.

Sai sanarwa. Wannan jimlar taka ta an gano matsala an gyara, na san ta, a kowane ofis akwai ta, ita ke ɗaukar laifin manya tun kafin a haife ka. Ka ce ba ƙarya ba ce. Haka ne, amma ka riga ka faɗa mini wanda za a ɗora wa, kuma gaskiyar da aka zaɓa don a fahimce ta a karkace ba ta da wani fifiko a kan ƙarya. A gaban jama'a aka yi wa Injiniya maganar kwalliya, a gaban jama'a za ka wanke ta. Rubutun kada ya wuce sakin layi biyu: daga rana kaza zuwa rana kaza Rariya ta riƙe saƙonni ɗari uku da sittin na mambobi, ni na rubuta ta, ban gwada ta yadda ya kamata ba, ƙaurar shafi ba ta da hannu, Injiniya ta tambaye ni na ba ta amsa ban duba ba, ina neman afuwarta da taku. Shi ke nan. Masu rubuta manhaja sun san kuskure, kowannensu ya taɓa fasa wani abu ranar Litinin da safe. Za a yi surutu kwana biyu, wani zai yi maka ba'a da sarautar da aka ba ka, sannan a koma gardamar wane yaren manhaja ya fi wani.

Akwatin kuwa, cire maganar gogewa daga ranka. Ba naka ba ne, amanar mutane ce ta maƙale a hannunka. Ku zauna da Injiniya ku mayar da kowane saƙo wurinsa da ainihin ranar da aka rubuta shi, ku sanar da masu su. Akwai ɗaliban da Dattijo ya amsa wa tambaya ba su sani ba, su je su gani. Amma saƙonninsa huɗu na ƙarshe, kada ka sake su sai ka tambaye shi. Idan suka fito haka kawai, zai wayi gari da ɗaruruwan gaisuwar rasuwa makonni bayan ya fara koyon zama shi kaɗai. Wataƙila yana so, wataƙila zai fi son ya rubuta sabo da kansa, wataƙila ba ya son ko ɗaya. Matarsa ce, shi zai zaɓa.

Batun ajiye aiki ka ɓace, wannan gudu ne da aka sa wa rigar nadama. In ka tafi, 'yan maganin ƙarfi ba za su tafi ba, Injiniya ce za ta haɗa gyaran shafi da shara. Ka tsaya ka gyara abinka. Duk wanda Rariya ta riƙe wa saƙo ta gaya masa an riƙe, ga kuma wanda zai tuntuɓa. Ɓoyewa a asirce ta bar wa asusun da aka buɗe jiya ya zubo saƙo hamsin, ba wanda ya shekara yana amsa tambayoyi ba. A riƙa leƙa akwatin kullum, kuma ba kai kaɗai ba, ku nemi mutum biyu ko uku ku raba kwanakin. Duk wata sabuwar doka da za ka ƙara, ka fara gwada ta a kan rubutun mutanen da kake son karewa. In mambobi suka ce wani ya karɓi aikin, ka miƙa ba tare da ɓacin rai ba, amma su za su faɗa, ba kunyarka ba.

Ba zan yi maka alkawarin Dattijo zai dawo dandalin ba. Mai yiwuwa ya yafe maka da zuciya ɗaya amma ya ga hutun ya yi masa, kuma wannan ba hukunci ba ne a kanka. Ba don ka dawo da shi za ka kira ba, don ya daina zaton an yi watsi da shi ne. In ka gama faɗar abin da ya kawo ka ya yi shiru a waya, kada ka yi saurin cike shirun da bayani. Ka jira shi, ko minti nawa ne. In kuma ya fara ba ka labarin matarsa, ka ajiye duk abin da ke gabanka ka saurara har ya gama.

Allah ya jiƙanta da rahama, ya ba Dattijo haƙuri da abokan zama nagari. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar danna lambar nan kafin ka ci abincin rana.

Antinku